Bafulatanin da Ya Sayi Gida Don Ciyawa

"…lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya Dada, ya ƙafar tata? To, Allah Ya ƙara sauƙi. Kai, dakata tukuna, ɗan Fulani. Wannan abin da kake ja a bayanka saniya ce, ko ƙasusuwa ka tara ka lulluɓe da fata?"

"Saniya ce, Babarbariya. Ban ga laifinki ba, dukiyar gidanku ba ta taɓa wuce jaki da buhun kanwa ba."

"Jakin namu dai yana nan da ransa."

Maganar ta riga ta fita kafin Ya Kellu ta auna ta, nan take kuwa ta yi da-na-sani. Bazarar da ta biyo bayan babban farin nan na shekarar saba'in da uku ce, lokacin da ba kowace zolaya ake yi wa makiyayi ba. Tukur ɗan Dada ya shiga farin da garken da in ya taso daga Toranke sai an tsaya an ba shi hanya, ya fito da shanu uku. Ita kuwa Ya Kellu tsohuwa ce mai kaifin baki, shugabar matan daɓe a unguwarsu cikin garin Gaya. Duk ɗakin da ka ga ƙasansa na sheƙi a unguwar, madaɓinta ya bi ta kai. Shekara da shekaru Dada na kawo mata nono har gida, don haka ta san Tukur tun yana goye. Tsakanin Barebari da Fulani kuwa wasa ne tun kaka da kakanni: kowa na cewa ɗayan bawansa ne, ba a fushi, ba a kai ƙara. Da hantsi suka yi kiciɓis a bakin lungun da ke gangarawa kududdufi, ita da madaɓi a hammata, shi da igiya a hannu.

Tukur bai nuna ya ji zafi ba. Irinsu ko wuƙa ka soka musu sai dai su tambaye ka ya gajiya.

"Ina za ka da ita?" in ji Ya Kellu. "Yau ba Juma'a ba, balle in ce kasuwar Wudil ka nufa."

"Cikon cinikin gida zan kai."

"Gidan wa?"

"Gidana."

Sai da ta dafa katanga don dariya.

"Gida? Na ƙasa, mai ƙofa da ƙyaure? Kai da in ka kwana uku wuri ɗaya ƙafarka ke ƙaiƙayi? An dai gaya maka ba a naɗe shi a ɗora wa sa ko?"

"An gaya mini. An kuma ce in yi hankali da maƙwabta masu zane a fuska, wai ko tsintsiya ka ajiye sai su ce gadon kakansu ce daga Kukawa."

"An gaya maka in baƙo ya yi sallama amsawa ake yi, ba a tsallake katanga a faɗa daji?"

"In baƙon Babarbare ne ai tsallakewar ta fi. Ku da kuke gaisuwar nan taku ta 'wushe, wushe' tun daga hantsi har a sauke tuwo."

"Ka ji bawan banza! To me ya yi zafi?"

Abin da ya yi zafi bai da yawa, a taƙaice ya faɗa, yana kallon ƙahon saniyar. Dada ƙafa ta ƙi, ba ta iya bin kowa ko'ina. Matarsa Hanne tana gidan iyayenta a Ajingi da yara, ta ce ba ta ƙi shi ba, amma ba za ta koma bukkar da babu shanu a gabanta ba. Ga damina ta ƙarato. Shi ya sa ya nemi gida, aka yi ciniki a kan shanunsa uku. Biyu sun tafi, wannan ce ta ƙarshe.

Dariyar Ya Kellu ta ragu, amma bakin bai mutu ba.

"To zo nan in koya maka, tunda Allah Ya haɗa ni da bawa marar wayo. Yaushe ka ga gidan?"

"Ran kasuwa, da rana tsaka."

"Da rana tsaka, cikin bazara! Ai ko kango ka shiga a lokacin sai ka ce fada ce. Gida da damina ake ganinsa, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwan ya bi da inda ya kwana. Ka ƙwanƙwasa azara?"

"Me ta yi mini zan buge ta?"

"Don ka ji ko gara ta cinye cikinta, sakarai! Ka ɗaga kai ka ga inda indararon maƙwabta ke zuba?"

"Na ɗaga kai. Na ga sama, tana nan inda na saba ganinta."

"Wa ka tambaya labarin gidan?"

"Dattawa, a ƙofar masallaci. Duk sun ce gida ne mai albarka."

"Dattawa! Su da ko ɗaki na zuba sai dai su ja tabarma su matsa gefe? Mata ake tambaya, ɗan Fulani. Mata ne ke kwashe ruwa da ƙwarya. Kuma ba ka tambayi kanka ba, maƙwabcin da ke da 'ya'ya maza har sun rasa wurin kwana, me ya hana shi saye?"

"Na ɗauka talauci ne, kamar na Barebari."

"Gindin katanga fa? Ka duba?"

Nan fuskar Tukur ta washe, kamar ɗalibin da aka zo kan karatun da ya iya.

"Wannan kam na duba. Wani fari-fari ne ya feso a jiki, tun daga ƙasa har gwiwa. Har lasa na yi. Gishiri-gishiri, kanwa-kanwa. Na ce Allah Ya yi mini gyaɗar dogo, dabba ta samu abin lasa ba sai na je wurinku kun tsuga mini tsada ba."

"Ka lasa?"

"Sau biyu."

"Inna lillahi! Jama'a ku zo ku ga mai sayen gida da harshe! Wannan farin da ka lasa shi ne ciwon gida. Damshi ne ke hawowa daga ƙasa yana cin ginin ta gindi. Wane gida ne wannan? A wace unguwa?"

"Ga shi can ƙarshen lungun nan. Na bakin kududdufi, na Bala mai ƙiraga."

Ya Kellu ta dubi ƙarshen lungun. Ta gyara riƙon madaɓin, ta mayar da shi bayanta kamar wadda aka kama da kayan sata.

Bala mai ƙiraga ba baƙo ba ne ga kowa. Farin da ya kwantar da mutane shi ya tashe shi, don ƙauye-ƙauye ya riƙa bi da amalanke yana sayen fatun shanun da suka faɗi, a yadda ya ga dama. Rabin garken Tukur ta hannunsa suka wuce Kano a busashe. Yanzu ga shi zai haɗa da masu ran.

"Duk gidajen Gaya," ta ce, muryarta ta sauka, "me ka gani a wannan?"

"Ciyawa."

"Me?"

"Ciyawa, Ya Kellu. Ki zagaya bayan katangar ki gani. Koriya shar, cikin bazarar nan, har ta kai idon sawu. Har cikin tsakar gidan ta shigo." Ya ci gaba, wannan karon ba da muryar wasa ba. "Shekara biyu ban ga ɗanyar ciyawa ba. Na sassare gawo na ba su har gawon ya ƙare. Na yaye jinkar bukkata na ba su. Da safe in na tashi ba na duba masu rai, waɗanda suka kasa tashi nake dubawa. Ran da aka kai ni gidan nan, ana nuna mini ɗakuna, ni kuwa na cire takalmi na tsaya a kan ciyawar nan. Sanyinta ya hau mini har ka. Kafin Bala ya rufe baki na ce na saya."

Tausayi ya cika Ya Kellu, haushi kuma ya fi tausayin yawa. Mutum ya zaɓi gida yadda ake zaɓen wurin sauke garke: ga laima, ga abin lasa, ga ruwa kusa. Duk abin da zai kashe ginin ƙasa shi ya gani ya yi murna.

"To bawana, tambaya ɗaya. Ka ba da biyu, ga ta uku za ka kai. Wa zai ci ciyawar?"

Tukur ya waiwaya. Ya dubi saniyar, ya dubi lungun. Wallahi bai taɓa kawo wannan a ransa ba, a fuskarsa ta gani.

"Ko kai za ka durƙusa ka ci? Ko Dada za a riƙa yanko wa?"

"Sai in gayyaci Barebari walima," ya ce, amma ko shi bai yi dariya ba. Can ya yi ƙarfin hali ya ɗago. "Ke dai hassada ce. Ba ki ga daɓen ɗakunan ba. Santsi kamar bayan ƙwarya, ja wur, har fuskata na gani a ciki. Wanda ya yi wa gida irin wannan daɓe ba gidan banza ya yi wa ba. Ke da kike taƙama da sana'ar, ko a mafarki ba za ki yi irinsa ba."

Da ma zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Tana iya yin shiru, ya wuce, ba mai sani. Ta dubi ƙafafunsa da suka tsattsage, ta tuna Dada da ƙwaryar nono a ka, ta ji ba za ta iya ba.

"Ni na yi shi."

"Ke?"

"Ni da matana tara, wata biyu da suka wuce. Kuma shi ne na uku da na yi wa gidan nan. Bayan na farko da damina biyu katangar yamma ta kwanta a kan awakin mai gidan, ya sayar. Na biyu, matar gidan sanyi ya shige ta ƙashi, har yau da sanda take tafiya, suka sayar. Bala ya saya a arha, ya kira ni ya ce in rufe masa ƙasan yadda ba mai ganewa. Da muka fasa tsohon daɓen, ƙasar da ke ƙarƙashi in ka matsa a hannu sai ta dunƙule. Muka zuba tsakuwa, muka buga, muka shayar da shi ruwan makuba na ɓawon ɗorawa har sau biyu don ya yi ja. Muna bugu muna waƙa. Aka kawo mana tuwo da nama muka ci."

"Kin san sayarwa zai yi?"

"Na sani."

"Kika yi shiru."

"Na ɗauka wani ma'aikaci za a turo daga Kano, mai albashi, ya zauna shekara ɗaya a ɗauke shi. Ina zan san Bafulatanin daji ne zai zo ya lashi katanga?"

Tukur ya dube ta. Da ya yi magana, da sigar wasan ya yi ta, wannan kuwa ya fi ciwo.

"Ashe gaskiyar kakanninmu, da suka ce in Babarbare ya share maka wuri ka duba da kyau kafin ka zauna. Fari ya ci nasa, mai ƙiraga ya ci nasa, ashe har da ke a cikin masu rabon. Nama nawa aka sa miki a tuwon, baiwata? Ina fata dai ya yi daɗi."

"Bai yi ba. Tauri ne da shi, irin na shanunku."

"To, a gafarce ni, rana na yi." Ya ja igiyar.

"Ina za ka?"

"In kai masa."

"Bayan duk abin da ka ji? Koma ka ce ka fasa!"

"In fasa? Gaban mai unguwa aka yi, da liman, aka shafa Fatiha. Wannan kam na yi shi daidai, ko ba haka kuke koyarwa ba, a sa shaidu? Biyun tun Juma'ar da ta wuce aka kora su Wudil, wataƙila yanzu suna cikin mota sun nufi Kudu. Na aika wa Hanne ta shirya. Na gaya wa Dada za ta mutu a ɗaki mai rufi. Na ce na saya, Ya Kellu. Shanu sun ƙare, in maganata ma ta ƙare me ya rage a kira ni da shi?"

Ta san ba zai janye ba, ko da gidan zai rufto a kansa. Ta matsa kusa da saniyar don ta rasa abin yi, ta shafa haƙarƙarinta, hannunta ya gangara ƙasa, sai ta tsaya cak.

"Tukur. Wannan ai ciki ne da ita."

"Wata shida."

"Bala ya sani?"

"Shi ya sa ya ce lallai da ita a ciki."

Ya Kellu ta saki madaɓin ya faɗi ƙasa. Ta sa hannu biyu ta cafke igiyar.

"Sake."

"Ke tsohuwa, lafiya?"

"Na ce sake! Wa ya ba ka izinin sayar mini da saniya?"

"Saniyarki? Yaushe Babarbariya ta yi saniya?"

"Tun ran da aka haife ka. Kai nawa ne, ubanka nawa ne, abin da ke hannunka nawa ne. Biyu ka sace ka sayar ban sani ba, na yafe. Wannan kuwa gidana za ta kwana."

"Wasa ya isa haka, Ya Kellu. Mutumin nan yana jirana."

"Wasan ne zai cece ka, marar wayo. Kai ba ka fasa ba, ba ka saɓa ba. Ka taho da ita har bakin lungu, Babarbariya ta tare ka ta ƙwace. Duk garin nan akwai wanda zai ce ka ɗaga wa abokiyar wasanka hannu? Akwai alƙalin da zai saurari ƙarar Bafulatani a kan Babarbariya? Je ka gaya masa haka, kanka a sama."

"Zai zo gidanki."

"Shi nake jira. Ya zo mu tafi gaban mai unguwar da limamin. In kira matana tara, kowacce ta faɗi abin da ta gani da muka fasa ƙasan, da abin da ya ce mu yi. In ya ga zai iya jin wannan a bainar jama'a, bismilla. In ba zai iya ba, biyun da ya ci sun ishe shi, har sun yi masa yawa."

"In kin tona shi kin tona kanki. Wa zai sake kiranki daɓe?"

"Wannan ba ruwan bawa."

Ta san gaskiya ya faɗa. Sunan da ta shekara talatin tana bugawa da madaɓi, rana ɗaya zai zube, a riƙa cewa ga mai rufe wa macuta asiri. Abin ya yi mata ɗaci ƙwarai, amma ba ta sassauta riƙon ba.

"Gidan fa?" ya ce a hankali. "Gidan dai ya zama nawa."

"Ya zama naka, Allah Ya ba ka haƙuri. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba zai yi ƙarko ba. Amma saurara. Ɗakin gabas ya fi tudu, nan za ka sa Dada, kan gado, ba a ƙasa ba. Na yamma ko akuya kar ka ɗaure a ciki. Kafin ruwan farko ka haƙa kwata daga tsakar gida har kududdufi, ka tara duwatsu a gindin katanga. Daɓen kuma ni zan zo in fasa shi da hannuna, mu cika da marmara mu sake. Ba zai yi sheƙi ba, ba kuma za ka ga wannan doguwar fuskar taka a ciki ba, ka huta."

"Da me zan biya ki?"

"Ana biyan uwargijiya ne? Ciyawar nan taka da ka saya da shanu biyu, kullum ka yanko dami ka kawo gidana. Aikinka ke nan."

Suka tsaya, igiya ɗaya, hannu huɗu. Saniyar na tsakani tana kora ƙuda da wutsiya, ko a jikinta. Ya Kellu na kallon yatsunsa. Tun yana ɗan shekara bakwai bai taɓa kwana ba saniya a kusa da shi ba, yau kuwa zai kwana cikin katanga huɗu shi kaɗai da tsohuwarsa Dada. Ɗaya bayan ɗaya yatsun suka buɗe.

"Yauwa. To faɗi in ji da kunnena, tun ina da rai. Tsakanin ni da kai, wane ne bawa?"

Tukur ya yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji, ya ja bakin rawaninsa ya goge ido wai ƙura ce.

"Ubana ya mutu yana musun wannan magana, kakana ma haka. To ni na sallama. Mutumin da ke da saniya ɗaya a duniya, ita ma a ɗaure a gidan Barebari, in ba bawa ba mene ne shi? Ni ne, ranki ya daɗe."

"Ka ga yadda gaskiya ta yi maka kyau? Ɗauko mini madaɓina."

Ya sunkuya ya ɗauko, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta juya za ta ja saniyar, ya ce:

"Sai dai alfarma ɗaya, uwargijiyata. Ran da za ta haihu, a aiko a kira ni. Ba ta taɓa haihuwa ba na nan ba."